Hoton MRI ya ce kitse ya cika bargon ƙashin bayana, alhali ni ba mai jiki ba ce

Tambaya: Likita, a Jos nake zaune, shekaruna 54. Shekara uku ke nan al'adata ta ɗauke. Ciwon baya ya matsa mini, aka tura ni hoton MRI. Da sakamako ya fito sai aka rubuta cewa kitse ya maye gurbin bargo a ƙashin bayana, likitan kuma ya ce abin yana da alaƙa da ɗaukewar al'ada. Ni kuwa siririya ce tun ina budurwa. To ta ina kitse ya shiga cikin ƙashi? Ko cin maiƙo ne, don ina son farfesun ƙafar sa? Idan na daina zai fita? Wata ƙawata kuma ta ce in nemi maganin da ke maido da sinadarin mata.

Amsa: Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara cire miki damuwa ɗaya: farfesun ƙafar sa bai kai kitse cikin ƙashinki ba, kuma barin sa ba zai fitar da kitsen ba. Bargon da kika tsotsa ciki yake tafiya, hanji ya narkar da shi kamar kowane maiƙo. Kitsen da hoton ya gani a can cikin ƙashin ya samu, daga ƙwayoyin halittar da suke zaune a wurin tun kina ciki. Likitan da ya danganta shi da ɗaukewar al'ada ya faɗi gaskiya. Sai dai siririntar nan da kike ganin ya kamata ta kare ki, tana cikin dalilan da suka sa ba na son ki jefa rahoton a ƙarƙashin katifa.

Kowane babba yana da kitse a bargonsa. Jariri da jan bargo ake haihuwarsa kusan ko'ina a jikinsa, wato bargon da ke ƙera jini. Yana girma, jan bargon yana ja da baya, rawaya mai kitse yana maye gurbinsa. Sauyin yakan faro daga yatsu da ƙwauri da damtse ya nufo tsakiyar jiki. Wani likita Bajamushe, Ernst Neumann, wanda tun 1868 ya nuna cewa a bargo ake ƙera jini, shi ya bayyana wannan tsari a 1882. Kafin mutum ya kai kimanin shekara 25, jan bargo ya taƙaita a ƙashin baya, ƙugu, haƙarƙari, ƙashin ƙirji, ƙoƙon kai da kawunan ƙashin cinya da na damtse. A babban mutum kitse yakan kai kashi 70 cikin 100 na sararin bargo baki ɗaya. Ko a ƙashin baya, inda jan bargo ya fi daɗewa, kitsen yana hawa daga kusan rubu'i ko sulusi a ƙuruciya zuwa rabi ko fiye bayan shekara 60. Saboda haka ganin kitse a bargon mace mai shekarunki ba baƙon abu ba ne. Masu karanta hoto ma hankalinsu ya fi tashi idan kitsen ya ɓace, domin cututtuka irin su sankarar bargo korar kitsen suke yi su zauna a wurinsa. Haka nan a masu sikila jan bargo yakan ƙi ja da baya, saboda jikinsu kullum cikin neman sabon jini yake.

Abin da ya bambanta mata shi ne saurin hawan. Kafin al'ada ta ɗauke, bargon namiji ya fi na tsararsa mace kitse. Wani bincike da aka yi da MRI a Hong Kong, aka buga a 2012, ya nuna cewa na maza a hankali yake hawa tsawon rayuwa, na mata kuwa yakan yi tsalle tsakanin shekara 55 da 65, har su wuce mazan. Babban abin da ya sauya a waɗannan shekaru shi ne sinadarin isturojin, wanda gidajen ƙwai biyu da ke gefen mahaifa suke samarwa, suka kuma kusan daina bayan ɗaukewar al'ada.

Ga yadda abin yake gudana. A cikin bargo akwai wasu ƙwayoyin tushe waɗanda ba su riga sun zama komai ba. Ƙwaya ɗaya tana iya zama mai gina ƙashi, tana kuma iya zama ƙwayar kitse. Kamar ƙullun wake ne: cokalin da aka zuba a mai ya zama ƙosai, ba shi kuma za a ƙulla alale. A cikin ƙwayar akwai makunnai biyu masu hamayya. Ɗaya ana kiran sa RUNX2, idan ya kunnu ƙwayar ta kama hanyar gina ƙashi. Ɗayan PPAR-gama, idan ya rinjaya ƙwayar ta koma tara maiƙo. Isturojin yana shiga ƙwayar ya zauna a kan makarɓinsa, musamman wanda ake kira alfa, ya karkata ta wajen ƙashi, ya danne hanyar kitse. Idan ya yi ƙasa sai ma'aunin ya juya. An ga wannan a ƙwayoyin da aka raina a ɗakin bincike, an kuma gan shi a dabba: a cire wa ɓera gidan ƙwai, cikin makonni bargonta ya cika da kitse ƙashinta ya yi rauni, a ba ta isturojin, abin ya ja baya.

A mutane ma an gani, kuma nan ne labarin ya fi jan hankalina. A 2008 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka duba ɗan guntun ƙashin ƙugu da aka ciro daga mata masu zaizayewar ƙashi, kafin da bayan shekara guda. Waɗanda aka ba isturojin, wurin da kitse ya mamaye a bargonsu ya ragu, girman ƙwayoyin kitsen kuma bai ƙaru ba. Waɗanda ba a ba su ba, kitsen ya ci gaba da ƙaruwa. Sai a 2015 wasu likitoci a Amsterdam ta ƙasar Holan suka yi wani ɗan ƙaramin bincike mai ban mamaki. Suka ba mata shida da al'adarsu ta ɗauke isturojin na mako biyu kacal, suna auna bargon bayansu da MRI kowane mako. A cikin mako biyun kitsen ya sauka, da aka tsayar da maganin ya sake hawa. Suka kuma auna mata goma masu al'ada, suka ga kitsen bargonsu yana ɗan hawa da sauka tare da zagayowar wata. Matan ba su da yawa, amma abin da aka gani ya fito sarai. Mako biyu ya yi kaɗan a ce sauyin yawan sababbin ƙwayoyi ne kaɗai ya kawo bambancin. Abin da hakan ke nunawa shi ne isturojin yana taɓa har ƙwayoyin kitsen da suke nan, yadda suke ɗiban maiƙo daga jini, yadda suke ajiye shi, da yadda suke sakin sa. Kitsen bargo abu ne mai motsi, yana jin umarnin sinadaran jiki mako bayan mako.

Kuma ba irin kitsen tumbi ko na cinya ba ne, shi ya sa lissafin ƙiba da rama ba ya aiki a kansa. Kitsen ƙarƙashin fata idan mutum ya ji yunwa narkewa yake yi ya ba jiki makamashi. Na bargo yana da taurin kai wajen saki. Akwai wata cuta da 'yan mata ke ƙaurace wa abinci don tsoron ƙiba har su rame su zama fata da ƙashi. A 2009 likitoci a Boston suka auna irin waɗannan mata, suka tarar bargonsu ya fi na masu lafiya kitse, alhali jikinsu babu tsoka babu maiƙo. Me ya faru? Yunwar ta ɗauke musu al'ada, isturojin ya faɗi, sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin wahala ya hau, ƙwayoyin tushe suka karkata wajen kitse, ƙashi ya zaizaye. Don haka mutum zai iya ramewa a waje bargonsa yana ƙara kitse a ciki.

Nan ne maganar siririntarki ta shigo. Bayan gidajen ƙwai sun yi shiru, jikin mace bai rabu da isturojin kwata-kwata ba. Akwai ɗan abin da ake ci gaba da samarwa, akasarinsa a cikin kitsen jiki, inda wani sinadari mai suna aromatas yake juya wasu sinadaran da ƙullutun saman ƙoda ke fitarwa su koma wani nau'in isturojin mai rauni. Mace mai jiki tana da wurin yin wannan aiki da yawa, siririya tana da kaɗan. Ƙari a kan haka, ƙashi yana ƙarfafa ne gwargwadon nauyin da yake ɗauka, kuma siririya idan ta faɗi babu abin da zai tare wa ƙugunta ƙasa. Shi ya sa ƙarancin nauyi yake cikin sanannun abubuwan da ke ƙara haɗarin karaya bayan ɗaukewar al'ada. Ba cewa nake yi ki nemi ƙiba ba, ƙiba tana da nata ɗawainiyar a gwiwa da zuciya da suga. Cewa nake yi kada rama ta sa ki ɗauka ƙashinki yana cikin aminci.

Shin kitsen ne yake cin ƙashin, ko kuwa gurbin da ƙashi ya bari kawai yake cikewa? An daɗe ana wannan muhawara. Tun 1941 Fuller Albright, wani likita a Boston, ya nuna alaƙar zaizayewar ƙashi da ɗaukewar al'ada. A 1971 Pierre Meunier a birnin Lyon na Faransa ya duba guntayen ƙashin ƙugu ya ga cewa inda ƙashi ya zaizaye, kitse ya yawaita a bargo. Shekaru masu yawa ana ɗaukar kitsen ciko ne kurum. Yanzu an san yana da hannu. Ƙashi rayayye ne, kullum akwai ƙwayoyin da ke cin tsohon ƙashi da waɗanda ke gina sabo, har a kimanin shekara goma ƙasusuwan babba sun kusan sabunta baki ɗaya. Masu cin ƙashi ba sa tashi aiki sai sun sami wata alama da ake kira RANKL. Babban aikin isturojin a ƙashi shi ne rage wannan alama, ƙara abin da ke tare ta, da gajarta rayuwar ƙwayoyin da ke cin ƙashin. To an gano cewa ƙwayoyin kitsen bargo, da waɗanda ke kan hanyar zama kitse, su ma suna fitar da RANKL. A ɗakin bincike kuma an ga wasu nau'o'in maiƙon da suke saki suna raunana ƙwayoyin gina ƙashi. Ke nan idan isturojin ya faɗi asara uku ke haɗuwa: masu ci sun ƙaru, masu gini ba sa cim musu, ga kitsen da ya shigo yana ƙara zuga masu cin.

Nau'in maiƙon ma yana sauyawa. Akwai maiƙo mai daskarewa, akwai mai zama ruwa-ruwa. Binciken MRI ya nuna cewa a bargon mata masu zaizayewar ƙashi, rabon mai ruwa-ruwa yana raguwa, kuma an sami irin wannan a mata masu ciwon suga da suka taɓa karaya.

Akwai wani sinadarin kuma da ba a cika ambata ba, FSH, wanda ƙwaƙwalwa ke aikawa don ta zaburar da gidan ƙwai. Idan gidan ƙwai ya fara gajiya, FSH yakan hau tun kafin al'ada ta ɗauke, kuma a daidai lokacin ne zaizayewar ƙashi ke fara sauri, kimanin shekara guda kafin jinin ƙarshe. A 2017 masu bincike a New York suka toshe FSH a ɓeraye, kitsen jiki da na bargo ya ragu, ƙashi ya ƙaru. A ɓeraye ne aka yi, bai zama maganin da ake ba mutane ba.

Maza masu karanta wannan kada su ce babu ruwansu. A 1994 aka buga labarin wani saurayi ɗan shekara 28 a Amurka wanda aka haifa makarɓin isturojin ɗinsa ba ya aiki. Sinadarin mazantakarsa lafiya ƙalau, amma tsawonsa ya wuce mita biyu yana ta ƙaruwa, ƙashinsa kuma ya zaizaye kamar na tsohuwa. Daga nan aka tabbatar cewa ƙashin namiji ma da isturojin yake tsayawa, wanda jikinsa ke samarwa daga sinadarin mazantaka.

Yanzu ciwon bayan da ya kai ki hoto. Kitsen bargo shi kaɗai ba ya ciwo. Ki koma wa rahoton ki duba, ko ki sa likita ya duba miki, shin kitsen ya bazu ne a duk gaɓoɓin bayan ko kuwa yana gefen faifan da ke tsakanin gaɓa biyu ne kawai. Na biyun wani abu ne daban, alamar faifan ya daɗe yana gogewa, wanda Michael Modic ya bayyana a 1988, kuma yana da yawa a masu ciwon baya maza da mata. Abu mafi muhimmanci da nake son a duba shi ne ko akwai wata gaɓa da ta lotsa. Karayar ƙashin baya ta zaizayewa ba ta zuwa da ƙara. Gaɓar kan danne ne a hankali, wani lokaci daga ɗaga bokitin ruwa ko tari mai ƙarfi, kuma kusan kashi biyu cikin uku nata ba a gano su. Alamunta su ne raguwar tsawo da ranƙwafawa. Idan tsawonki ya ragu da santimita huɗu ko fiye a kan yadda kike a ƙuruciya, wannan dalili ne na bincike.

Wannan wurin yana ci mini rai, Hajiya. Mun saba ganin iyayenmu mata suna ranƙwafawa mu ce tsufa ne. Tsohuwa ta zame a bakin rijiya ko a banɗaki, wuyan hannunta ya karye, a kai ta wurin mai ɗori, a ɗaure, ƙashi ya haɗe, kowa ya yi hamdala. Babu wanda ya tambaya me ya sa faɗuwa daga tsaye ta karya ta. Lafiyayyen ƙashi bai kamata ya karye daga irin wannan faɗuwa ba. Karayar farko gargaɗi ce, kuma mai ita tana cikin haɗarin ta biyu, wadda sau da yawa a ƙugu take zuwa. Karayar ƙugu a tsoho ba ƙaramin abu ba ne: a binciken ƙasashe da dama, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya kai shekara bayanta, da yawa cikin waɗanda suka rayu kuma ba sa komawa tafiya kamar da. A shekarun da ke kewaye da ɗaukewar al'ada mace takan rasa kusan kashi goma cikin ɗari na ƙarfin ƙashin bayanta. Ke kina cikin waɗannan shekaru yanzu, lokacin da abin da aka yi yake da tasiri.

MRI ba shi ke auna ƙarfin ƙashi ba. Awon da ake yi shi ne DEXA, hoto ne mara ciwo na 'yan mintuna a ƙugu da ƙashin baya. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1994, idan lambar da awon ke bayarwa, wadda ake kira lambar T, ta kai 2.5 ƙasa da sifili ko ta wuce haka, an shiga zaizayewar ƙashi. Na'urar ba a kowane asibiti take ba, ki tambayi likitanki inda ya fi kusa. Idan ba ta samu ba, likita zai iya ƙiyasta haɗarin daga shekaru, nauyi, tarihin karaya a jikinki ko a iyayenki, da magungunan da kike sha. Zan so kuma a yi miki ƙidayar ƙwayoyin jini, awon kalsiyam, aikin ƙoda, suga da ƙullutun maƙoshi, wato tayirod. Idan jininki cikakke ne, to bargon yana aikinsa duk da kitsen.

Sai maganar ƙawarki. Gaskiya ne maganin isturojin yana rage kitsen bargo yana kuma kare ƙashi. Babban binciken da aka yi a Amurka kan mata fiye da 16,000, wanda aka tsayar a 2002, ya nuna cewa isturojin haɗe da dangin sinadarin firojestaron ya rage karayar ƙugu da kusan sulusi. Amma an tsayar da shi ne saboda an ga ƙaruwar sankarar mama, daskarewar jini a jijiya da shanyewar ɓarin jiki. Matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun daɗe da daina al'ada. Da aka sake nazari daga baya, sai aka ga cewa ga macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba, haɗarin ya fi sauƙi, kuma idan zafin jiki da gumin dare suna hana ta barci, amfanin yakan rinjaya. Ta fuskar shekaru kina cikin wannan rukuni. Duk da haka ba a ba mace isturojin kawai saboda hoto ya nuna kitse a bargo. Ana duba ko ta taɓa sankarar mama, daskarewar jini, shanyewar jiki, ciwon hanta, ko zubar jinin da ba a san dalilinsa ba. Mai mahaifa dole a haɗa mata da sinadarin firojestaron, in ba haka ba isturojin shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa har ya kai ga sankara. Ba maganin da ake saya a kemis bisa shawarar ƙawa ba ne, balle haɗe-haɗen da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp da sunan maido da ƙuruciya, waɗanda mai sayarwar ma bai san abin da ke ciki ba. Idan kuma awo ya nuna ƙashi ya zaizaye, akwai magungunan da aka yi don ƙashi kawai, kamar alendironet da ake sha sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, a zauna ko a tsaya a miƙe na rabin awa.

Akwai kuma magungunan da ke yin aikin da faɗuwar isturojin ke yi, su ƙara kitsen bargo su ci ƙashi. Na gaba-gaba su ne dangin kotisol, deksametason da firedinisolon. Ana sayar da su barkatai don ciwon gaɓɓai, ana cusa su cikin ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, ana zuba danginsu masu ƙarfi a wasu mayukan bilicin. Wanda ya daɗe a kansu fuska ta kumbura, suga da hawan jini su taso, ƙashi ya zaizaye, wani ma kan ƙashin cinyarsa ya mutu. Siririyar mace da ta sha su don ta yi jiki ta sayi kumburi ne da ƙashinta. Wanda kuma ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali. Maganin suga mai suna fiyogilitazon shi kuwa kai tsaye yake kunna PPAR-gama ɗin da na ambata, kuma an tabbatar danginsa suna ƙara karaya a mata. Magungunan sankarar mama irin su letirozol suna toshe aromatas, su kawar da ɗan isturojin da ya rage. Masu shan su kada su daina, amma a riƙa lura da ƙashinsu. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku ita ma tana rage isturojin da ƙarfin ƙashi, ko da yake akasari yana dawowa bayan an daina. Wadda kuma aka cire wa gidajen ƙwai tare da mahaifa tana da sauran ƙuruciya, ko al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40, ita ce ta fi kowa buƙatar a yi mata maganar isturojin, kuma ita ce sau da yawa ake sallama ba a ce mata komai ba.

Abin da ke hannunki kuwa, na farko motsi ne. Ƙwayoyin tushen nan suna jin nauyi da girgiza, kuma hakan yana karkata su wajen ƙashi. An kwantar da mata masu lafiya a gado kwana 60 don nazarin abin da ke samun 'yan sama jannati, kitsen bargon bayansu ya ƙaru. Ciwon baya kan sa mutum ya lafe a gado, sanyin Jos ya ƙara masa dalili. Kada ki yarda. Tafiyar rabin awa da ɗan sauri yawancin ranakun mako, hawan tudu ko matakala, tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, duk suna da amfani. Har sai an tabbatar babu gaɓar da ta lotsa, ki guji sunkuyawa ki ɗaga abu mai nauyi.

Na biyu kalsiyam, kuma a nan garinmu yana da abin faɗa wa duniya. A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos ne Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi bincike kan yara 123 masu ciwon da ke lanƙwasa ƙafa, aka buga a 1999. Kafin nan an fi ɗora laifin ciwon a kan rashin bitamin D. Sai aka ga yaran sun fi warkewa da kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, a kan bitamin D zalla, kuma abincinsu bai wuce kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana ba. Tukunyar da yaran suke ci ita iyayensu mata suke ci. Mace mai shekarunki tana buƙatar kimanin miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana. Tuwo da shinkafa ba za su kai ki can ba. Nono da kindirmo, ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya, miyar kuka, zogale da riɗi su ne za su taimaka, in ba su isa ba likita ya ƙara miki ƙwaya. Ki kuma sami rana a tsakar gida hannu da ƙafa a buɗe, don baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta haɗa bitamin D. Ki ci nama, ƙwai, wake da awara gwargwadon hali, tsoka ita ke riƙe mutum kada ya faɗi. Kalsiyam shi kaɗai ba ya maye gurbin isturojin, amma babu maganin ƙashin da zai yi aiki sosai idan babu shi.

Ranar da za ki koma asibiti ki tafi da rahoton da faifan hoton, da duk abin da kike sha ko shafawa, har na gargajiya da man fata, a cikin kwalayensu. Ki gaya wa likita idan mahaifiyarki ta taɓa karaya a ƙugu. Idan kuma kika ga jini ya dawo bayan shekara ukun nan, ko ɗigo ne, ko ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, rama ba dalili, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki je a ranar.